Idan Allah ya san komai, me ya sa ya tambayi Adamu "Ina kake?"

Idan har Allah masanin komai ne, me zai sa ya tambayi Annabi Adamu inda yake? Maganar da ta tashi ke nan a rumfar mai shayi a unguwarmu ta Gadarif, a gabashin Sudan, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har ta koma zaurukan WhatsApp. Wani matashi ne ya kunna guntun bidiyon wani mai wa'azi yana cewa ga hujja ƙarara: a littafin Kirista, wai Allah yana zagaya gona yana neman Adamu, bai san inda ya shiga ba. Aka yi dariya, aka kurɓi jabana, wato gahawa, kowa ya ce ai magana ta ƙare.

Ni dai ban yi dariya ba, domin na zauna gida ɗaya da wadda irin wannan tambayar take hana wa barci. Bayan yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a watan Disamba, Gadarif ta cika maƙil da masu gudun hijira, makarantu suka koma gidajen kwana. Mu ma muka ba wata dattijuwa ɗaki. Asalinta 'yar duwatsun Nuba ce, amma a unguwar Haj Yusuf ta Hartum ta yi zamanta, kuma Kirista ce. Hala muke ce mata, kamar yadda ake kiran 'yar'uwar uwa da Larabcin ƙasar nan. Kullum idan dare ya yi tsit, sai ta zauna a bakin gado da fitilar waya, ta buɗe littafinta na Larabci, ta karanta layi ɗaya tak, ta rufe, ta yi jugum kamar mai jiran a kira sunanta a kotu. Yarana sun ɗauka makokin wani take yi. Ran nan na ce mata, "Hala, lafiya kuwa?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Tambayata ake yi, ina neman amsa."

Ni Musulmi ne, kuma ba wa'azi na zo yi wa kowa ba. Amma mutanen da muke bin layin ruwa ɗaya da su, muke cin kasuwa ɗaya, gara mu san abin da suke yi idan sun rufe ƙofa, da mu riƙa jinsa a bakin bidiyon minti biyu. Abin da Hala take yi shi ake kira binciken kai.

Mene ne ake nufi da binciken kai?

Binciken kai shi ne mutum ya keɓe lokaci, ya zauna gaban Allah, ya bi ta kan abin da ya yi, da abin da ya faɗa, da abin da ya ƙulla a zuci, da wanda ya kamata ya yi ya ƙi. Katolika masu Larabci suna ce masa fahasul damir, wato duba lamiri. Kibɗawa kuwa, wato Kirista 'yan asalin Masar, da kalmarmu suke kiransa, muhasabatun nafsi. Ranar da na fara jin ta a bakin Kirista sai da na waiga.

Umarnin yana cikin littafinsu a wurare da dama. Manzo Bulus ya rubuta wa mutanen Korinti cewa su gwada kansu su gani ko har yanzu suna cikin bangaskiya (2 Korintiyawa 13:5). Ya kuma ce kafin mutum ya kusanci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da suke tarayya a kai don tunawa da Almasihu, sai ya fara auna kansa (1 Korintiyawa 11:28). A littafin Makoki, wanda kuka ne a kan Urushalima bayan Babila ta rushe ta, akwai inda aka ce mu bincika hanyoyinmu mu koma ga Ubangiji (3:40). Mutanen da birninsu ya zama kufai ne suka faɗi haka, shi ya sa wanda ya baro Hartum da ƙullin kaya a ka yake jin ayar kamar jiya aka rubuta ta.

Akwai abu uku da ake cakuɗawa. Yaron shago idan ya zauna da magariba ya ƙirga kaya da kuɗin akwati ya ga giɓi, wannan shi ne bincike. Idan abin ya dame shi ya ƙudura ba zai sake sa hannu ba, tuba ke nan. Idan ya tashi ya je ya gaya wa maigidansa, wannan furci ne, abin da ake cewa i'itiraf. Na farkon duk Kirista sun haɗu a kai. A na ukun ne ɗarikokinsu suka rabu, za mu zo wurin.

To, ina tambayoyi suka shigo? Annabi Irmiya ya ce zuciya ta fi komai yaudara, wa zai iya saninta (17:9). Idan haka ne, wanda ya rubuta wa kansa jarrabawa, ya kuma duba takardar da kansa, ai ba ya faɗuwa. Saboda haka sai su ari tambayoyin da ba su ne suka tsara su ba, waɗanda Allah ya yi wa mutane a cikin littafin, kowa ya sa sunansa a gurbin sunan wanda aka tambaya. Zabura ta 139 ma da roƙo ta rufe, cewa Allah ya bincike ni ya san zuciyata. A wurinsu mai binciken Allah ne, aikin bawa shi ne ya zauna kada ya gudu.

Tambayar wanda ya riga ya san amsa

Mu koma ga Adamu. Ayar tana Farawa 3:9, kuma duk mai son dubawa da Hausa zai same ta, tunda an kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932. Malaman Kirista, da na Yahudawa ma, ba su fassara ta da cewa Allah ya rasa Adamu ba. Suna cewa ƙofa aka buɗe masa ya fito da kansa. Kowace uwa ta san wannan dabarar. Ta ga sukari a leɓen yaro, amma sai ta ce, "Wa ya taɓa mini gwangwanin nan?" Ta san wanda ya taɓa. So take ta ji ko ɗanta zai faɗi gaskiya.

Amsar Adamu ita ce abin kallo. Ya ce ya ji motsi, tsoro ya kama shi domin tsirara yake, sai ya ɓuya. Da aka ce ko ya ci daga itacen da aka hana shi, sai ya ce matar da ka ba ni ce ta miƙo mini. Da aka juya ga Hawwa'u aka ce, "Mene ne wannan kika yi?" sai ta ce maciji ne ya yaudare ta. Kowa ya samu wanda zai jingina wa. Kirista mai binciken kai idan ya karanta wurin nan, abin da yake nema shi ne nasa macijin: wane ne nake ɗora wa laifin abin da hannuna ya yi?

Mu kuma Musulmi bai kamata wannan salon ya zame mana baƙo ba. A Suratu Ɗaha, aya ta 17, Allah ya tambayi Annabi Musa mene ne a hannun damansa, kuma babu Musulmin da zai ce Allah bai san sanda ba ce. A Suratul A'araf ya tambayi Iblis abin da ya hana shi sujada, ya kuma ce wa Adamu da matarsa, ashe ban hana ku waccan bishiyar ba? Tambayar sandar Musa ma tana cikin littafin Kirista, a Fitowa 4:2. Tsakaninmu da su akwai saɓani na gaske game da littafin da kuma Annabi Isa, kuma babu amfanin ɓoye shi. Amma wannan hujjar ta bidiyo ba ta da ƙafar tsayawa.

Babi na gaba ya fi nauyi. Wanda muke kira Ƙabila, su Kayinu suke ce masa, kuma sau biyu aka tambaye shi. Ta farko tun kafin jini ya zuba: me ya sa ka husata, me ya sa fuskarka ta ɓaci? Aka ma gargaɗe shi cewa zunubi yana fako a bakin ƙofa. Ta biyun bayan ya gama: "Ina ɗan'uwanka Habila?" Ya ce bai sani ba, shi makiyayin ɗan'uwansa ne? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Waɗannan biyun, ina kake da ina ɗan'uwanka, su ne ƙafafun da duk binciken yake tafiya a kansu. Mu Hausawan Sudan mun san zafin ta biyun tun Yulin 2022, lokacin da aka kashe 'yan'uwanmu a jihar Bulu Nayil muka fita tituna a Kasala da Gadarif da Hartum muna neman a ba mu amsa. Sai dai a wannan al'adar ba ka da damar riƙe tambayar a hannu kana nuna wa wasu kaɗai. Kai ake fara yi wa.

Hajara da Iliya: ba mai laifi kaɗai ake tambaya ba

Nan ne da yawa suke kuskuren fahimta, har da wasu Kiristan, su ɗauka binciken kai lissafin zunubai ne kawai. A Farawa 16, Hajara, wadda littafin Hausa ya rubuta Hajaratu, ta gudu daga gidan Annabi Ibrahim da ciki, saboda wuyar da ta sha a hannun uwargijiyarta. Mala'ika ya same ta a bakin wata maɓuɓɓuga a jeji kan hanyar Shur, ya kira sunanta, ya ce daga ina kika fito, ina kuma za ki? Wannan labari ne dabam da na Safa da Marwa da muka sani, kada a haɗa su. Abin lura shi ne rabin tambayar ta amsa. Ta ce gudu nake yi daga uwargijiyata. Inda za ta kuwa, ba ta ce komai ba, domin ba ta sani ba.

Duk wanda ya hau bayan babbar mota daga Madani ko Sinja ya san wannan rabin amsar. Mu Hausawa ma mun daɗe da ita. Kakanninmu wasu da ƙafa suka taso za su Makka, suka tsaya noma don neman guzuri, tsayuwar da ta zama zama. Wasu sun biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, bayan an kashe shi a Burmi a 1903 ɗansa Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a suka kafa gari a gaɓar kogi kusa da Sinnar. Har gobe a shingen bincike da ofishin takardun ɗan ƙasa ana tambayarmu daga ina muka fito. Kalmomin ɗaya ne da na mala'ikan, amma mai bindiga yana tambaya ne don ya yanke ko za ka wuce. Ita Hajara daga nata tambayar ta tashi tana kiran Allah da suna "Mai ganina". An dai ce ta koma gidan da ta baro, kuma wannan yankin labarin ba kowane mai karatu ke haɗiye shi da sauƙi ba. Hala takan tsallake shi da sauri, na lura.

Iliya, wato Annabi Ilyasu, shi ma gudu ya yi, daga barazanar sarauniya Yezebel (1 Sarakuna 19). Ya kwanta ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa. Ba a yi masa tambaya a lokacin ba. Sau biyu aka tashe shi aka ba shi gurasa da ruwa, ya yi tafiyar kwana 40 zuwa dutsen Horeb, sannan aka ce, "Me kake yi a nan, Iliya?" Sau biyu aka tambaye shi, sau biyu ya maimaita magana ɗaya: an kashe annabawa, ni kaɗai na rage. Aka ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Abin da binciken ya tono a nan ƙarya ce da baƙin ciki ya shuka masa. Kuma tsarin ya burge ni: abinci tukuna, barci, sannan tambaya. Matasan da suka riƙe takaya, tukwanen ciyar da jama'a a unguwanni, sun fi wasu masu wa'azi gane wannan.

Tambayoyin Yesu

A Linjila salon ya ƙara yawa, domin Yesu, wanda muke kira Annabi Isa, sau da dama da tambaya yake amsa tambaya. Wani da ya shekara 38 yana jinya a bakin tafkin Betesda ya ce masa, "Kana so ka warke?" Mutumin bai ce i ba, sai ya shiga ba da labarin yadda ba shi da mai saka shi a ruwa (Yahaya 5). A Markus 10 tambaya ɗaya ya yi sau biyu a jere: me kuke so in yi muku? Almajiransa Yaƙub da Yahaya suka ce kujerun dama da hagu suke so. Makaho Bartimawas ya ce so nake in gani. Mai binciken kai sai ya duba addu'o'insa na mako guda ya ga da wanne suka fi kama.

Wadda ta fi ratsa su ita ce ta Bitrus. Ya yi musun sanin maigidansa sau uku yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi. Daga baya, a bakin wata wutar gawayin a gaɓar teku, aka tambaye shi sau uku, "Kana ƙaunata?" (Yahaya 21). Ba a ce masa me ya sa ka yi ba, ba a kuma sa shi ya maimaita abin kunyar gaban jama'a ba. Kowace amsa aiki aka ba shi a kanta: ka yi kiwon tumakina.

Mutum shi kaɗai, ko da jagora? Inda ɗarikoki suka rabu

Akwai wata tambaya da ta shafi ƙasar nan kai tsaye. A Ayyukan Manzanni 8, Filibus ya tarar da ma'ajin sarauniya Kandakatu a cikin karusa yana karanta littafin Ishaya. Kandaka laƙabin sarauniyoyin Marawi ta dā ne, wadda dalolinta suke Bajrawiya arewa da Shandi, kuma sunan da aka riƙa kiran matan zanga-zangar 2019 da shi ke nan. Filibus ya ce, "Kana fahimtar abin da kake karantawa?" Ya ce ta yaya, in ba wani ya bi da ni ba? Gardamar Kirista a kan binciken kai kusan duk a kan wannan "wani" take.

Kibɗawa da Habashawa da Iritiriyawa 'yan Otodoks, waɗanda suke da yawa a Gadarif da Kasala, kowa yana da uban furci, limami ɗaya da ya san shi shekara da shekaru. Al'adar ta samo tushe daga masu zuhudu na hamadar Masar. Antoniyos, wanda ya rasu a 356, ya shawarci almajiransa kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da tunaninsa kamar zai karanta wa ɗan'uwansa, domin kunyar a gani takan hana aikatawa. Babban azumin Kibɗawa kwana 55 ne, kuma mako biyu kafinsa suna yin na kwana uku don tunawa da Annabi Yunusa da tuban mutanen Nineba.

Katolika sun mai da abin doka a babban taron Lateran na 1215: duk wanda ya kai shekarun hankali ya yi furci gaban limami aƙalla sau ɗaya a shekara. Daga baya Ignatiyus na Loyola, wanda aka buga littafinsa na horon ruhu a 1548, ya tsara binciken yau da kullum, wanda yake farawa da godiya kafin a zo lissafin kuskure. Masu cewa wai kuɗi ake ba fada ya goge zunubi ba su san abin ba. Ba a biyan kuɗin furci, wanda ya ci haƙƙin wani ana umartarsa ya mayar, kuma limamin da ya tona abin da ya ji hukuncinsa fita daga tarayyar ikilisiya.

'Yan Furotesta sun ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutum (1 Timoti 2:5), don haka ba dole sai ta bakin limami ba. Amma ba su yar da binciken ba. Martin Luther a ɗan littafin koyarwarsa na 1529 ya ce mutum ya dubi matsayinsa, uba ne ko uwa, ɗa ko bara, ya auna shi da Dokoki Goma. John Wesley a 1738 ya tsara wa ƙananan ƙungiyoyinsa tambayoyin da za su riƙa yi wa juna duk mako, farkonsu: wane zunubi ka san ka yi tun haɗuwarmu ta baya? Nan Sudan, kanisar Episkofal da ta Injiliyya da Kanisar Almasihu ta Sudan, wadda 'yan Nuba suka fi yawa a ciki, duk a wannan ɓangaren suke. Wani abin da ba kowa ya sani ba: ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM, waɗanda suke da Sudan a sunansu, a Najeriya suka fara aiki, su ne tushen ECWA da COCIN, daga baya suka iso nan. Shi ya sa Kiristan Jos ko Kaduna zai ga ibadar Hala ba ta yi masa baƙunta ba.

Inda abin yake lalacewa

Su kansu sun san maganin yana iya zama cuta. Ta farko ita ce wadda muke kira waswasi. Luther, lokacin yana gidan masu zuhudu, yakan shafe sa'o'i yana furci, ya fito ya tuna wani abu ya koma, har limaminsa ya gaji da shi. Bulus ma ya ce shi ko kansa ba ya yanke wa hukunci, mai hukunci Ubangiji ne (1 Korintiyawa 4). Sukan kwatanta Bitrus da Yahuza: dukansu sun ci amana a dare ɗaya, dukansu sun gane. Yahuza har kuɗin ya mayar, ya ce na yi zunubi, sannan ya je ya rataye kansa. Bincikensa daidai ne, inda ya kai shi ne ya ɓaci.

Ta biyu ita ce juya fitilar ga maƙwabci. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, Yesu kuma ya yi tambayar ɗan haki a idon ɗan'uwa da gungume a naka (Matiyu 7:3). Kibɗawa suna da labarin Musa Baƙi, tsohon bawa kuma tsohon ɗan fashi da ya tuba ya zama babban mai zuhudu a Wadin Natrun. Aka kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa, ya zo da hudajjen kwandon yashi a baya, yashin yana zuba. Da aka tambaye shi, ya ce zunubaina ne ke zuba a bayana ban gani ba, ga ni na zo hukunta wani. Zaman ya watse.

Ta ukun ita ce ta fi damuna, domin ina jin ta a masallaci da kanisa duka: wai yaƙin nan sakamakon zunuban waɗanda ya ci ne, mutanen Hartum sun yi yawan sharholiya. Littafin Kirista bai goyi bayan wannan ba. Abokan Ayuba sun dage sai ya nemo laifin da ya jawo masa masifa, a ƙarshe su aka tsawata wa. Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa cewa a'a, sannan ya ce masu sauraron su ma su tuba (Luka 13). Wanda rufinsa bai faɗo ba, shi aka ba aikin bincike.

Sai furci a bainar jama'a. Farkawar addini ta Gabashin Afirka, wadda ta taso a Ruwanda da Yuganda cikin shekarun 1930, ta yaɗa wannan salon, kuma tun a lokacin an yi ta gardama a kansa. A Sudan ta yau abin ya wuce gardama. Inda kalmar muta'awin, wato wanda ake zargi da haɗa kai da abokan gaba, take iya kai mutum kurkuku ko kabari, wanda ya sa tsoho ya tashi gaban taro ya faɗi abin da ya yi don ya rayu a ƙarƙashin Da'ama, wato dakarun RSF, ya jefa shi a rami. A ganina nan masu sirrin furci sun fi hikima.

Kusancinsa da muhasaba, da inda suka rabu

Maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, babu almajirin da bai san ta ba. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan hijira, daga wannan aikin ya samo laƙabinsa, Imam Gazali kuma ya ware masa babi a Ihya. Mu ma muna da tambayoyi uku da ke jiranmu a kabari. Hanyar ta yi kama ƙwarai.

Rabuwar tana ƙarshen zaman. Kirista idan ya ga giɓinsa, yana dogara ne da cewa Almasihu ya mutu domin zunubinsa ya kuma tashi, gafara kyauta ce da aka riga aka biya. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, kamar yadda Suratun Nisa'i aya ta 157 ta faɗa, yana kai tubarsa ga Allah kai tsaye da sharuɗɗanta: bari, nadama, niyyar rashin komawa, da mayar da haƙƙi. Wannan saɓani ne babba, kuma shayi ba ya narkar da shi. Amma a sharaɗin ƙarshen nan, na mayar da haƙƙi, sun sake haɗuwa.

Abin da ya shafi kasuwa da gidan haya

Yaƙin nan ya ba mu sabuwar kalma, shafshafa, wato wawashe kayan jama'a, da kasuwannin kayan ganima da jama'a suka laƙaba wa sunan Dagalo, jagoran Da'ama. Firji da talabijin da katifa sun yi arha a wasu wurare, kuma masu saye ba duka 'yan bindiga ba ne. Kuɗin haya a Gadarif da Bur Sudan ya yi tashin gwauron zabo a kan mutanen da suka iso da kayan jikinsu, kuma cikin masu gidajen akwai namu. Littafin Kirista a nan ba ya kewaye-kewaye. Da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma me za su yi, ya ce kada ku ƙwaci na kowa, kada ku yi ƙazafi, albashinku ya ishe ku (Luka 3:14). Zakka mai karɓar haraji, sunan mutum ne ba zakkar dukiya ba, ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. An kuma ce wanda ya kawo baiko bagade ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Idan binciken mutum na gaske ne, maƙwabcinsa zai ji shi a aljihu.

Sai da Hala ta kusa wata huɗu a gidanmu na san layin da take tsayawa a kai. Wata maƙwabciyarta a Haj Yusuf, Musulma, ta ba ta ajiyar 'yan kunne da awarwaro na zinariya ranar da za su rabu, domin ita hanyar da za ta bi shingaye sun yi yawa. Da Madani ta faɗi, kuɗin mota ya ninka, Hala ta sayar da su a wulaƙance ta fito da kanta da jikokinta biyu. Duk wanda ta ba labarin sai ya ce ai lalura ce, yaƙi ne. Ni ma haka na ce mata. Ta ce, "Ɗana, Hawwa'u ma ta ce maciji ne, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ita ta ci."

Ta samu murhu da 'yan kofuna ta fara sayar da shayi a bakin titi. Ta bi dangi har ta samo lambar 'yar maƙwabciyar a Atbara, ta faɗa mata da bakinta. Daga nan duk ƙarshen wata sai ta kawo mini abin da ta tara, in tura ta manhajar banki ta Bankak daga wayata. Bayan soja sun karɓe Hartum a Maris 2025 ta koma ta ga abin da ya rage na gidanta, yanzu wani jikanta ke tura kuɗin a madadinta. A lissafin da ta yi mini a waya kwanan baya saura mata kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma da nauyin zinariya take ƙirgawa, ba da fam ba, ga shi farashin zinariya bai tsaya jiranta ba.